Kabarin Sarkin Yaƙi: Yadda Mataccen Mayaƙi Ɗaya Ya Riƙe Teburin Dungeons & Dragons Har Zama Biyar

## Teburin da jarumansa

Mutum biyar ne ke haɗuwa sau ɗaya a mako, su yi kamar awa uku suna Dungeons & Dragons da dokokin bugu na biyar, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014. Ɗaya shi ne jagora, mai tsara labari da zana taswira da motsa dodanni. Sauran huɗun kowa na da jarumi ɗaya rubuce a takarda. In jarumi zai kai sara, sai a jefa dayis mai fuska 20, wanda ake rubutawa d20, a ƙara lambar ƙwarewarsa. Jimlar ta kai lambar sulken abokin gaba, sara ya shiga, sai a jefa wani dayis ɗin don sanin lahani, a cire daga makin ransa. Wanda ke da fifiko yana jefa d20 biyu ya ɗauki babba, mai naƙasu kuma ya ɗauki ƙarami.

Lokacin da matsalar ta taso, duka jaruman suna mataki na 3 na ƙarfi, wanda jarumi ke hawa yayin da yake tara gogewa. Barde yana da sulke 18 da rai 28, yana sara da takobi a +5, lahaninsa 1d8+5, wato a jefa dayis ɗaya mai fuska 8 a ƙara 5. Ɓarawo yana da sulke 14 da rai 21, yana harbi da baka a +5, lahani 1d6+3, da ƙarin 2d6 in ya sami harin bazata. Shi kaɗai ne a cikinsu ke gani a duhu. Mai sihiri yana da sulke 12 da rai 20. Firist, wadda mace ce ke wasa da ita, tana da sulke 16 da rai 24, tana riƙe da kulki da garkuwa, lambar tsira daga addu'arta 13, wato abin da abokin gaba zai kai da jifan d20 don ya kuɓuta.

Labarin kuwa: mutane na ɓacewa da dare a wani ƙauye, sawu kuma yana nufar wani tudun kabari inda aka binne tsohon sarkin yaƙi da dakarunsa. A matsayin sarkin yaƙin, jagora ya ɗauko dodon da littafin dodanni na 2014 ke kira wight, wato mayaƙin da ya mutu bai kwanta ba, yana nan da hankalinsa da dabarun yaƙinsa. Irin wannan mai tsaron kabari ya daɗe a labaran mutanen arewacin Turai, marubuci Tolkien ya sa shi a littafinsa na 1954, wasan kuma ya gaje shi tun fitowarsa a 1974. A bugu na biyar sulkensa 14, ransa 45, yana kai hari sau biyu a +4 kowane zagaye, wato duk lokacin da kowa ya sami damarsa sau ɗaya. Makamin da ba na sihiri ba, ba kuma a shafa masa azurfa ba, rabin lahani kawai yake yi masa. Yana iya musanya sara ɗaya da zuƙar rai: 1d6+2, kuma in wanda ya taɓa bai kai 13 a jifan tsira ba, iyakar ransa ta ragu da wannan adadin har sai ya yi dogon hutu. Mutumin da zuƙar ta kashe yana tashi bayan awa 24 a matsayin zombi, wato gawa mai tafiya, ƙarƙashin ikonsa, har guda 12.

Jagora ya haɗa masa da kwarangwal shida masu baka. Kowanne sulke 13, rai 13, harbi a +4, lahani 1d6+2, yana gani a duhu har ƙafa 60.

## Zama na 5: shiga ta farko

Taswirar mai sauƙi ce. Lungu mai faɗin ƙafa 5 da tsawon ƙafa 30 ya buɗe cikin zaure mai tsawon ƙafa 60 da faɗin 40, akwai ginshiƙai a gefe biyu, a can ƙarshe kuma dakali mai tsayin ƙafa 10. Maharba shida suna kan dakalin, sarkin yaƙin yana tsakiyar zaure.

Kafin zaman jagora ya yi lissafi. Da makin gogewa, wato ladan da ake samu in an ci dodo, ake auna nauyin faɗa: sarkin yaƙi 700, kowane kwarangwal 50, jimla 1,000. Littafin jagora na 2014 ya ba da ma'auni ga jarumi ɗaya a mataki na 3: 75 mai sauƙi, 150 matsakaici, 225 mai wuya, 400 mai kisa. Ga mutum huɗu ya zama 300, 600, 900 da 1,600. Da ya ga 1,000 sai ya ce faɗan mai wuya ne, daidai da abin da yake so. Littafin ya ce a ninka jimlar gwargwadon yawan dodanni, bakwai zuwa goma a ninka sau biyu da rabi, amma ya bar ƙofa: ba dole a ƙirga dodannin da suka fi sauran rauni sosai ba, sai in ana ganin suna ƙara wa faɗan nauyi. Jagora ya bi ta wannan ƙofar bai ƙirga kwarangwal ba. Da ya ƙirga, da lambar ta fito 2,500.

Barde da firist hannuwansu duka a cike suke da makami da garkuwa, ɓarawo yana riƙe da baka, don haka mai sihiri ne ya ɗauki jiniya, wato sanda mai wuta a kai. Jiniya tana haska ƙafa 20 sosai, da wasu 20 dushi-dushi. Maharban suna ƙafa 55 daga bakin lungu, wato suna ganinsa, shi ba ya ganinsu, kuma doka ta ba wanda ba a gani fifiko. Harbi a +4 kan sulke 12 yana shiga kashi 65 cikin 100, da fifiko ya haura zuwa kusan 88. Maharba uku kawai in suka nufe shi, matsakaicin abin da zai rasa a zagaye ɗaya ya wuce 14 daga cikin 20 ɗinsa.

Haka kuwa aka yi. Ya jefa sihirin barci can inda kibau ke fitowa, alhali dokar sihirin ta faɗa a fili cewa ba ya kama matattu. A zagaye na biyu ya faɗi. Ɓarawo ya shafa wa kibiyarsa dafin da ya saya zinariya 100, daga sarkin yaƙin har dakarunsa babu wanda dafi ke ci. Firist ta yi korar matattu, ikonta da ke sa su gudu, tana tsaye a bakin lungu. Korar tana kama wanda ke cikin ƙafa 30 ne kawai, kuma sarkin yaƙin kaɗai ke ciki. Yana buƙatar 12 a kan dayis don ya tsira, ya samu. Ikon ba ya dawowa sai bayan hutu.

Barde ya sari sarkin yaƙin sau biyu, lahani 10 da 8, jagora ya rubuta 5 da 4 a bayan allonsa bai ce komai ba. Kwarangwal ɗaya ya sauko don ya tare ƙofa, firist ta buga masa kulki, dayis ya ba da 6, da ƙarin 2 ya zama 8. Kwarangwal yana shan ninkin lahani daga makamin bugu, don haka 16 ne, ya tarwatse nan take. Abin da jagora ya ce kawai shi ne, "Ya faɗi." Aka ɗauka sa'a ce.

Ɗan ƙauyen da ya yi musu jagoran hanya, mai rai 4, zuƙa ɗaya ta kashe shi. A zagaye na huɗu suka ja mai sihiri suka fice, suka bar gawar a ciki.

## Zama na 6: an janye maharba, an kawo zombi

Jagora ya ɗora laifin a kan kibau. Ya janye maharban zuwa ciki, ya jera zombi biyar a lungu: ɗan rakiyar da aka bari da mutum huɗun da suka ɓace tun farko. Wannan karon ya ninka yadda littafi ya ce. Guda biyar sau 50 ya ba da 250, ninki biyu 500, ƙasa da matsakaici.

Zombi yana da sulke 8, rai 22, gudun ƙafa 20, naushi a +3 mai lahani 1d6+1. A lungu mai ƙafa 5 guda ɗaya ne kaɗai ke isa ga barde, kuma yana samunsa kashi 30 cikin 100, wato bai kai maki biyu a zagaye ba. Babu wani haɗari a faɗan. Lokaci kawai ya ci. Akwai rai 110 da za a sassare, masu harbi daga baya suna harbi ta kan abokinsu, abin da ke ƙara wa zombin 2 a sulke, ga kuma taurin ransa. Duk bugun da ya kai zombi sifili, sai ya yi jifan tsira, lambar da zai kai ita ce 5 haɗe da lahanin bugun. In ya kai, ya tsaya a rai 1. Yana da +3 a wannan jifan. Bugu mai lahani 10 yana barinsa da damar tashi kashi 45, mai lahani 6 kashi 65, mai lahani 4 kashi 75. Saboda haka ƙananan bugu da ake kai wa wanda ya rage masa maki ɗaya su ne suka fi tafiya a banza. Zombi ɗaya sau huɗu yana miƙewa.

Abubuwa biyu ne ke hana wannan jifan: bugu na musamman, wato in d20 ya ba da 20, da lahanin haske. Firist tana da harshen wuta mai tsarki, ƙaramin sihiri da ba ya ƙarewa, 1d8 na haske, zombi kuma yana kauce masa kashi 30 ne kacal. Ba ta jefa shi ko sau ɗaya ba, domin ba ta san dokar ba, kuma kulkin ya yi mata aiki a makon jiya, tana ta neman hanyar da za ta matso da shi gaba.

Faɗan ya kai zagaye 11, kusan awa biyu a agogo. Tun daga zagaye na shida biyu daga cikin 'yan wasan suka koma kan wayoyinsu. Mai sihiri ya gaji ya zubar da manyan sihirinsa duka don a gama, da aka gama kuma babu mai yarda a tunkari sarkin yaƙin hannu wofi. Suka koma ƙauye suka kwana.

## Zama na 7: tsohuwar doka ta zuƙe mataki

Zuwa yanzu 'yan wasan sun samo dabararsu: a leƙa, a taɓa, a gudu, a yi barcin awa takwas. Dogon hutu yana mayar da rai da sihiri, yana kuma goge zuƙar rai. Shi ma sarkin yaƙin yana hutawa, don haka kowace shiga daga 45 ake sake farawa. Jagora ya koka cewa dodon ya daina ba kowa tsoro.

Akwai wanda ya daɗe a harkar a cikinsu, shi ke wasa da barde, ya kawo shawara a dawo da dokar da. A wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, da littafin dodanni na 1977, taɓawar wight tana zuƙe wa jarumi mataki guda cur, kuma azurfa ko makamin sihiri kaɗai ke cin sa. Maganin zuƙar a wancan tsarin addu'a ce ta mataki na bakwai, wadda ƙananan jarumai ba sa ko jin ƙamshinta. Bugu na uku na 2000 ya sassauta: ragi na wucin gadi, sai bayan awa 24 a yi jifan tsira a ga ko zai zauna. Bugu na biyar ya bar mataki gaba ɗaya ya koma kan iyakar rai. Teburin ya amince da tsohuwar dokar, da sharaɗin a bar jifan tsira na 13.

A zagaye na biyu sarkin yaƙin ya cim ma ɓarawo a bayan ginshiƙi. Ɓarawon yana da +1, yana faɗuwa wannan jifan kashi 55 cikin 100, ya kuwa faɗi. Ya sauko mataki na 2. Ransa ya koma 15 daga 21, harin bazata ya koma 1d6, duk baiwar da ya zaɓa a mataki na 3 ta tafi, aka mayar da makin gogewarsa 600, tsakiyar 300 da 900. Wasa ya tsaya kamar minti ashirin ana gogewa da sake rubutu. Takardar jarumin 1974 'yar gajera ce, mataki ɗaya abin da ke cikinsa kaɗan ne. Ta bugu na biyar kusan kowane mataki yana ɗaure da wani zaɓi da ɗan wasa ya zauna ya yi.

Tsoron da jagora ke nema ya samu, har ya wuce kima. Wanda ya kawo shawarar shi ne ya fara ja da baya. "Ni fa ba zan matsa kusa da shi ba," in ji shi. "Ba ka ga abin da ya sami abokina ba?" Duka suka tsaya a lungu suna harbi. Sarkin yaƙin ba wawa ba ne, basirarsa 10 ce kamar ta kowane mutum, sai ya kauce daga inda suke hangensa ya ɗauki dogon bakansa. Zaman ya ƙare babu wanda ya mutu, babu abin da ya motsa. Washegari mai ɓarawon ya turo saƙo cewa wataƙila a ci gaba ba da shi ba. Jagora ya kira shi a waya, ya soke dokar, ya mayar masa da matakinsa.

## Tsakanin zama na 7 da na 8: abin da jagora ya canza

Bai taɓa lambar dodo ko ɗaya ba. Ya ɗauki takarda ya rubuta kowane rauni da ke jikin dodannin uku: bugu ga kwarangwal, haske ga zombi, azurfa da rana ga sarkin yaƙi, korar matattu ga dukansu. Gefen kowanne ya rubuta ko 'yan wasan sun san da shi. Korar kaɗai suka sani, ita ma sun yi ta a inda ba ta kai.

Ya kuma lissafa abin da jaruman ke yi wa sarkin yaƙin a zagaye ɗaya in duk sun taru a kansa, ba tare da manyan sihiri ba. Hari a +5 kan sulke 14 yana shiga kashi 60. Barde 2.7 bayan an raba biyu, ɓarawo kusan 4, mai sihiri 3.3, firist 2 da ɗoriya, jimla kamar 12. Zagaye huɗu ke nan kafin 45 ta ƙare, kuma a shiga ta farko suna shan hari takwas kowane zagaye, su suna mayar da huɗu. Da azurfa jimlar tana haura 19.

Daga nan ya yanke abubuwa huɗu. Raunin da faɗan ya rataya a kansa za a faɗe shi a cikin labari, ba sai an jefa dayis ba. Kowane bugu za a bayyana yadda ya sauka. Dare zai sami farashi. Dakarun kuma za a ba su umarni irin na soja, a raba su wurare, tunda littafin ya kwatanta kwarangwal da mai bin umarni kalma bisa kalma.

## Zama na 8: ba a zare takobi ba

An buɗe zaman a maƙera. Maƙerin farfaru na ƙauyen ya karɓi takobin barde ya juya shi, ya nuna masa bakin da ya dakushe, ya ce ƙarfe tsura ba ya cin mutanen tudu, kakansa da azurfa yake shafa wa masu gadi māsu. Mai haƙa kabari ya ce ƙashi busasshe ba a soka shi, fasa shi ake yi. A nan firist ta tuna kulkinta. Jagora ya bar ta ta yi jifan sanin addini don ƙarin bayani, ta samu labarin haske da zombi.

Kuɗinsu zinariya 240. Littafin 'yan wasa ya sa shafa azurfa a 100 kan makami ɗaya ko kibau goma. Suka sayi gudumar yaƙi a 15 suka shafa mata azurfa, 115 ke nan, kibau goma 100, ragowar 25 suka sayi kwalbar ruwa mai tsarki, wadda ke yi wa matacce lahanin haske 2d6. Gudumar ce ta fi komai riba, domin tana aiki biyu. Lahaninta 1d8 ne kamar takobin. Da takobi barde yana kashe kwarangwal mai rai 13 da bugu ɗaya sai in d8 ya ba da 8, sau ɗaya cikin takwas. Da guduma ana ninkawa, mafi ƙaranci 12, don haka 1 kaɗai ke barin kwarangwal a tsaye: sau bakwai cikin takwas.

Sai jagora ya ajiye takarda a tsakiyar tebur mai gida 12, ya ce kowane dare sarkin yaƙin zai fito neman mutum, duk wanda ya kama bayan awa 24 zai cike gida ɗaya. Aikin azurfa yini ɗaya ne. Mai sihiri ya kawo shawarar a sa 'yan ƙauye su fasa rufin tudun don rana ta shiga, jagora ya ce yini biyu. Suka yi ta gardama kusan rabin awa, wadda ita ce magana mafi tsawo da suka yi kan labarin tun da aka fara shi. Suka zaɓi duka biyun. Daren farko sun yi gadi sun kore shi da wuta da sihiri, dare na biyu ya zagaya ta bayan gari ya ɗauki wani makiyayi.

A gidan dagaci suka sami tsohuwar tutar rundunar. Ɓarawo ya leƙa tudun da rana ya ga kwarangwal biyu a bakin lungu, ya gwada ɗaga musu tutar, suka ƙame suka ba shi hanya.

## Zama na 9: faɗan ƙarshe

Sun jira har tsakar rana ta kwana na huɗu, makiyayin ya riga ya tashi. A ciki akwai sarkin yaƙi, maharba uku a dakali, zombi ɗaya, da masu gadi biyu a ƙofa. Dodanni bakwai, maki 1,000, da ninki 2,500, daidai da lambar zama na 5.

Suka wuce masu gadin da tuta. Firist ta sa ƙaramin sihirin haske a kan dutse tun a waje, yana ɗaukar awa ɗaya, ɓarawo ya wurga shi gindin dakali. Maharban suka fito fili, fifikonsu ya tafi. Mai sihiri ya tsaya bayan ginshiƙi, wanda ya ƙara masa 2 a sulke. Ramin rufin ya saukar da rana a fili mai ƙafa 10 kowane gefe a tsakiyar zaure.

A zagaye na farko barde da firist suka bi ta gefen bango. A na biyu firist ta ƙirga gidajen taswira da yatsa, ta tsaya inda dakalin ya shigo cikin ƙafa 30, sannan ta yi kora. Kwarangwal yana faɗuwa wannan jifan kashi 65, zombi kashi 60. Maharba biyu da zombin suka juya suka nufi kusurwa, sarkin yaƙin ya sake tsira. "Kada wanda ya taɓa waɗanda suka gudu," in ji ta, domin kora tana ɗaukar minti ɗaya, zagaye goma, amma lahani ko na maki ɗaya yana karya ta.

Barde ya yi amfani da ƙarin yunƙurin da yake da shi sau ɗaya: ya bangaje sarkin yaƙin ƙafa 5 zuwa cikin rana, ya bi shi da guduma, 9 cif. Jagora ya ce sulken fata ya tsage, wani abu baƙi ya yi hayaƙi inda azurfar ta taɓa. Naƙasun rana yana kan dodon ne kawai muddin yana tsaye a cikinta, don haka da lokacinsa ya zo sai ya yi taku ɗaya gefe, bai ma fita daga inda gudumar ke kaiwa ba. Ya zuƙi barde maki 5, iyakar ransa ta koma 23, ya daka wa masu gadin ƙofa tsawa su shigo.

A zagaye na uku mai sihiri ya shimfiɗa saƙar gizo-gizo tsakanin ginshiƙai biyu. Rabi da rabi ne ko za ta kama, ta kama. Wanda saƙar ta ɗaure ba ya motsi, harinsa na da naƙasu, masu kai masa hari suna da fifiko, kashi 60 ya zama 84. Kibiyar azurfa ta ci 14, guduma ta ci 10, saura 12. Firist ta juya ta tari masu gadin da kulki. Ɗaya ya wuce ta ya soki mai sihiri da 6, ya yi jifan riƙe sihirinsa ya samu. A zagaye na huɗu ya kusa jefa wuta, ɓarawo ya ce, "Kai, za ka ƙone saƙar!" Sai ya saki kiban sihiri uku da ba sa kuskure, 1d4+1 kowace, suka ba da 12.

Jagora ya riga ya yanke, kuma wannan hukuncinsa ne, ba dokar littafi ba, cewa kwarangwal za su zube in shugabansu ya faɗi. Zombin da ke kusurwa aka taru a kansa, firist ta ƙarasa shi da harshen wutarta. Kwalbar ruwan ba a ko buɗe ta ba. Faɗan ya ci kamar minti arba'in.

## Hukunci

Lambar 2,500 ta kusa hallaka su a zama na 5, ita ce kuma suka ci a zagaye huɗu a zama na 9. Lissafin littafin yana ƙirga dodanni, ba ya ƙirga nawa ne ke iya kai hari a lokaci guda, ko wa ke ganin wa. Dutse mai haske ya sauke maharba daga kashi 88 zuwa 65 kafin ginshiƙi ya ƙara ragewa, kuma bai ci ko kwabo ba. Raba dakarun da yin kora a inda ta dace sun mayar da hari takwas zuwa uku a zagayen da ya fi muhimmanci. Waɗannan biyun su suka fi nauyi. Azurfa tana biye, domin ta rage wa sarkin yaƙin zagaye ɗaya zuwa biyu na rayuwa.

Kuskuren zama na 5 ba na ninki kaɗai ba ne. Kwarangwal mai baka da aka ɗora a sama cikin duhu ba ya cikin raunanan da littafi ya ce a tsallake. Amma ko da an ƙirga shi, shirun jagora lokacin da yake raba lahani biyu a ɓoye shi ya jawo makonni ukun da suka biyo baya. Dodannin nan an gina su ne a kan rauni da kariya, ɗan wasan da bai ga bambanci tsakanin saran da ya ci da wanda aka raba ba, ba shi da dalilin canza makami.

Zombi a ƙunƙuntaccen lungu da zuƙar mataki duka garin neman ƙiba ne aka samo rama. Na farko ya cire haɗari ya bar tsawo, tunda matacce ba ya gudu, ba ya miƙa wuya, in jagora bai sa wa faɗan ƙarshe ba sai an sare kowane maki. Na biyu ya hukunta ɗan wasa a takardarsa, sakamakonsa kuma kowa ya daina kusantar dodon da ake so a kusanta. Takardar gida 12 ta kawo tsoron da ake nema ba tare da an goge wa kowa komai ba, ta kuma kashe dabarar leƙa-ka-kwana.

Fasa rufi shi ne mafi ƙarancin amfani. Ya ci yini biyu da ran makiyayi, sarkin yaƙin bai kai hari ko ɗaya yana cikin rana ba, naƙasun da aka wahala a kansa saƙar gizo-gizo ta ba da shi da sihiri guda. Abin da ramin ya yi shi ne ya haska tsakiyar zaure ya toshe wa dodon miƙaƙƙiyar hanya zuwa ga mai sihiri. Da za a so rana ta yi aiki sosai, sai an riƙe shi a cikinta, kuma riƙon yana buƙatar hannu ɗaya wofi, wanda barde mai guduma da garkuwa ba shi da shi.

Teburin da ke amfani da sababbin littattafai ya duba kafin ya kwaikwayi wannan tsari. Littafin jagora na 2024 ya cire ninkin yawan dodanni, don haka ƙirga hare-haren kowane zagaye ya koma wuyan jagora shi kaɗai. Littafin dodanni na 2025 kuma ya cire wa wight juriyar makaman da ba na sihiri ba ya ƙara masa rai, wato zinariya 200 ɗin da aka kashe a maƙera ba za ta sayi komai a can ba. Guduma kan kwarangwal da haske kan zombi suna nan yadda suke.